Ranar da Aka Canja wa Gimbiya Masta

Duk unguwar Kyaftin ake ce masa, alhali bai taɓa taka jirgin ruwa ba. Yadda yake tsayar da motarsa ne ya ja masa sunan. Tsohuwar a-kori-kura ce, shuɗiya a zamanin da take da fenti, da ita yake ɗaukar kayan mutane: kujeru, katifu, siminti, duk abin da ya samu. In zai tsaya a ƙofar gidansa, tun daga kwanar mai aski yake fara shiri. Ya rage giya, ya taka birki, ya saki, ya sake takawa, ya kuma saki, sannan motar ta taho tana lilo a hankali. Masu shaguna sukan ɗaga kai su ce, "A ba da hanya, jirgi zai tsaya."

Shi kuwa Gimbiya yake ce wa motar, kuma ba da wasa yake faɗa ba. Kullum da safe sai ya goge mata fitilu kafin ya wanke fuskarsa.

Matarsa ungozoma ce a ƙaramin asibitin da ke bayan kasuwa. Kowa Sista yake kiranta, har shi. Mace ce gajera mai murya, irin wadda in ta ce "zauna" a ɗakin haihuwa, har masu jira a waje sai sun nemi benci. Ta sha yi masa maganar birkin nan.

"Kyaftin, mota fa ana taka mata birki sau ɗaya ne ta tsaya."

"Wannan motocin yaran zamani ne. Gimbiya sai an lallaɓa ta."

Wata rana da la'asar ya biya ya ɗauko ta daga aiki. Suka iso kwanar mai aski, ya fara shirinsa kamar kullum. Ya taka, fedar birkin ta sauka. Ya sake takawa, ta sauka har ƙasa ta kwanta, ba ta ko gaishe shi ba. Ya taka, ya taka, ya taka. Ya kai hannu ga hambirki, sai ya tuna tun bara wayarsa ta tsinke. Gimbiya ba gudu take ba, tafiyar mai ciwon ƙafa take, amma tafiyar ba ta da niyyar ƙarewa. Ta wuce inda ta saba tsayawa, ta ture ƙofar gida da hancinta, ta shiga tsakar gida, ta kwashe igiyar shanya da duk abin da ke kanta, ta je ta jingina da tankin ruwa. Tankin ya yi wata ƙara mai zurfi, ya yi shiru.

Farar rigar aikin Sista ta rufe gilashin gaba ruf. Suka zauna a cikin duhu-duhu. Can Kyaftin ya kashe injin, ya gyara murya.

"Mun iso," in ji shi.

Sista ta miƙa hannu ta zare makullin ta jefa a jakarta. "Gobe Yaya zai zo."

"Wane Yaya?"

"Yaya nawa nake da su?"

Ɗaya take da shi, kuma shi ne matsalar. Yayanta bakanike ne, yana da gareji a ɗaya gefen gari, dogon mutum mai furfura wanda ba ya dariya sai abin ya shafi wani. Ranar da Kyaftin ya sayo Gimbiya, shekaru da dama da suka wuce, ya kai ta gareji don surukinsa ya sa albarka. Yaya ya zagaya ta, ya shuri taya, ya leƙa ƙarƙashi, sannan ya miƙe a gaban direbobin da ke zaune ya ce, "To, ina sauran?" Aka kwashe da dariya. Kyaftin ya shiga motarsa ya tafi. Tun daga ranar ba su sake yi wa juna magana ba. Suna haɗuwa a gidajen dangi, su zauna a tabarma ɗaya, su ci a kwano ɗaya, amma in ɗaya yana son ruwa sai dai ya gaya wa bango. Kyaftin yana ce masa "yayanki", shi kuma yana cewa "mijinki".

Da safe Kyaftin ya riga kowa tashi, ya buɗe bonet, ya ƙara man birki, ya leƙa bayan kowace taya ko zai ga inda ke yoyo, don a ce ya gano da kansa. Ko'ina a bushe. Yana nan tsugune Yaya ya shigo da akwatin kayan aiki. Ya dubi ƙofar da ta karkace, ya dubi tankin, ya dubi igiyar shanyar da har yanzu ke rataye a madubi. Gashin bakinsa ya motsa, kuma Kyaftin ya gani.

"Ƙanwata," in ji Yaya, "ce wa mijinki ya shiga ya taka feda ya riƙe, kada ya yi ta bugu."

Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Sista ta juya. "Ya ce ka shiga ka taka ka riƙe."

"Ce masa na ji."

Ya shiga ya taka. Da farko fedar ta ɗan yi tauri, sannan ta fara sulalewa ƙasa a hankali, kamar ana janye ta.

"Tambaye shi, tana sauka?"

"Ce masa ta ɗan sauka. Kaɗan."

Sista ta leƙa ta taga. "Tana ƙasa, Yaya. Har ta taɓa tabarmar mota."

Yaya ya kira ta gaban mota, ya nuna mata wani ƙarfe mai kama da ɗan guntun bututu, da kofin man birki a bisansa, an ɗaure shi da noti biyu a jikin wata baƙar tukunya. "Kin ga wannan? Shi ne masta. In an taka feda, shi ke tura mai zuwa ƙafafu huɗu. Akwai robobi a cikinsa, in sun cinye sai man ya riƙa zillewa ta gefensu, ya koma inda ya fito. Shi ya sa ba a ganin yoyo a taya." Ya shafa yatsa a ƙarƙashinsa, inda ya haɗu da tukunyar, ya ɗago yatsan a jiƙe. Fentin wurin ma duk ya ɗaye. "Ga shi har ta baya yana zuba. Wannan ya daɗe da mutuwa, ba a dai binne shi ba ne. Ce wa mijinki ba gyara zai yi ba, canji ne."

Ya zuƙe man da ke kofin, ya kwance bututu biyu da ke shiga gefen mastan, ya toshe bakinsu, ya kwance notin nan biyu, ya zaro shi ya ajiye a kan tsumma.

"Ce masa ya tafi kasuwa da tsohon mastan, a gwada a ba shi irinsa."

Kyaftin ya miƙe ya kaɗe wandonsa. "Ce masa na san motata kamar tafin hannuna. Sabon yayi ce, mai fitila mai kusurwa. Ba sai na ɗauki mushe na shiga kasuwa da shi ba."

"Ce masa tsohon yayi ce. Fitilun nan dasa su aka yi."

Sista ba ta isar da wannan ba, don Kyaftin ya riga ya kai ƙofa.

Kafin azahar ya dawo da kwali a hammata, yana tafiya kamar wanda ya ciwo gasa. Ya ajiye a kan bonet ɗin, ya koma gefe ya naɗe hannu. Yaya ya buɗe, ya fito da sabon masta mai ƙyalli, ya kara shi a jikin tukunya. Notin ya zauna daidai. Kyaftin ya yi tari mai ma'ana. Sai Yaya ya ɗauko bututun birki ya nufi ramin da zai shiga, ya tarar babu rami. Ramukan suna ɗaya gefen, suna kallon injin.

Yaya ya daɗe yana kallon abin, don ya ji daɗinsa sosai.

"Ƙanwata, tambayi mijinki, motar za mu juya ko mastan?"

"Ba zan tambaya ba."

"To ce masa ya zauna ya huta. Ni zan je. Tun kafin ya san inda ake zuba fetur nake kwance irin waɗannan."

"Yaya, ga tsohon, tafi da shi."

"Ni?" Ya nuna ƙirjinsa. "Ni zan ɗauki samfur? Da ido a rufe zan zaɓo shi."

Ya ɗauki kwalin Kyaftin don a musanya, ya fita. Kyaftin ya zauna a inuwar tanki bai ci abinci ba, yana addu'ar da bai kamata mutum ya yi wa surukinsa ba.

Da alama an amsa. Yaya ya dawo da na tsohon yayi, ramukan bututunsa suna kallon inda ya dace. Ya kara shi a jikin tukunya, rami ɗaya ya shiga kusarsa, ɗayan ya tsaya can gefe, tazarar kusan faɗin yatsa. Ya juya shi. Ya karkata shi. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya sake karawa, kamar a tsakanin nan ƙarfen ya canja ra'ayi.

Kyaftin ya taso a hankali ya zo ya tsaya a bayan matarsa.

"Sista, tambayi yayanki, idon a rufe yake ko a buɗe?"

Sista ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon tawul, ta naɗe mushen mastan a ciki kamar jariri, ta rungume. "Gobe ba ni da aiki. Da safe za mu je, mu uku. Wanda ya ce uffan a hanya, a can zan bar shi."

Shagon kayan gyaran yana can ƙarshen layi, ɗan ƙuƙumi, kaya har rufi. Mai shagon tsoho ne mai ƙaton ciki, yana zaune a kan kujerar mota da aka ciro daga wata bas. Da ya hango su ya fara dariya tun kafin su gaisa.

"A'a! Sabon yayi da tsohon yayi, yau tare? Ashe mota ɗaya kuke saya wa kaya?"

Sista ta kwance tawul ta ajiye masa a gaba. Tsohon ya ɗauka ya juya shi a hannu. Ya duba gefen da ramukan bututu suke, ya auna tazarar ramukan noti, ya leƙa bayansa inda sandar feda ke shiga ya zura ɗan ƙarfe ya ga zurfinsa. Sannan ya kankare datti da farce, wasu lambobi suka fito a jikin ƙarfen.

"Wannan lambar faɗin cikinsa ce. In kun sa wanda ya fi shi faɗi, feda ta yi tauri kamar dutse. In kun sa wanda bai kai shi ba, ta yi ta tafiya ƙasa kafin ta kama. Malam," ya dubi Kyaftin, "motarka fetur take sha?"

"Fetur."

"To wannan na mai shan gas ne, irin masu ɗaukar kaya masu nauyi. Shi da tukunyarsa."

"Amma sabon yayi ce," in ji Kyaftin.

"Tsohon yayi," in ji Yaya, yana kallon rufi.

"Fitila mai kusurwa?" tsohon ya tambaya. Kyaftin ya gyaɗa kai da ƙarfi. "Giya a jikin sitiyari?" Yaya ya gyaɗa nasa. Tsohon ya riƙe cikinsa. "To kowa ya yi gaskiya. Fuskar sabon yayi ce, gangar jikin tsohon yayi, birkin kuma na wata ce daban. Wanda ya sayar maka ya haɗa maka zumunci. Motoci uku kake tuƙawa, Malam, ka gode wa Allah."

Ya sa ƙafa ya jawo tsani, ya hau yana nishi, ya sauko da wani kwali mai ƙura. Ya jera sabon kusa da tsohon a kan tebur. Kamar tagwaye, sai dai ɗaya ya sha wuya.

A hanyar dawowa babu wanda ya ce uffan, kuma ba tsoron Sista ne kaɗai ya hana su ba. Kowannensu yana lissafin ko ya ci ko an cinye shi, lissafin ya ƙi fita.

A gida Yaya ya ɗaure sabon mastan a bakin teburin wanki da abin matse ƙarfe. Ya sa masa gajerun robobi biyu da suka lanƙwaso suka koma cikin kofin, ya cika kofin da sabon mai, ya riƙa danna cikinsa da sukundireba a hankali. Kumfa ta riƙa fitowa, manya, sannan ƙanana, har ta daina. Sista ta tambayi dalili, ya ce in ba a fitar masa da iska tun a waje ba, sai a wuni ana fama da shi a jikin mota. Sannan ya ɗaura shi. Noti biyu suka zauna, bututu biyu suka shiga, babu gardama. Kyaftin ya so ya ga wani abu ya ƙi, bai samu ba.

"Saura fitar da iska a ƙafafu," in ji Yaya. "Wannan aikin mutum biyu ne. Ɗaya a kan feda, ɗaya a ƙarƙashi. Akwai ɗan noti a bayan kowace taya. In an taka an riƙe, sai in buɗe, iska da mai su fita, in rufe, sannan a saki. In aka saki kafin in rufe, iska ta koma ciki, aiki ya dawo sabo. Ki gaya masa da kyau."

"Ya ji."

"Ki dai gaya masa."

Yaya ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin tayar baya, wadda ta fi nisa da mastan. Kyaftin ya hau kujerarsa. Sista ta tsaya a tsakiya, hannu a ƙugu, wurin da ta fi kowa sanin aikinsa.

"Ya taka," in ji murya daga ƙarƙashin mota.

"Taka!"

"Ya riƙe."

"Riƙe!"

"Ya saki."

"Saki!"

Abin ya tafi gwanin sha'awa. Suka gama tayar farko, ta ƙara mai a kofi, suka koma ta biyu. Ta ce taka, ya taka. Ta ce riƙe, ya riƙe. Daidai nan aka buga ƙofa da ƙarfi, maƙwabcinsu tela ya faɗo ciki, tef ɗin awo a wuyansa, takalmi ƙafa ɗaya.

"Sista! Sista, ki taimaka! Matata ce, abin ya zo, ta ce ba za ta iya kaiwa titi ba!"

Sista ba ta ko waiwayi motar ba. Ta suri jakarta ta bi shi.

Tsakar gida ta yi tsit. Kyaftin yana kan kujera, ƙafarsa a kan feda, umarni na ƙarshe da ya samu shi ne ya riƙe. Yaya yana ƙarƙashi, ya buɗe noti, mai ya fita, ya rufe. Yanzu sai a ce saki. Ya buɗe baki, ya tuna babu mai isarwa, ya rufe bakin.

Kyaftin ya riƙe. Ba zai tambaya ba. In ya tambaya, shi ya fara magana, shekarun nan duk sun tafi a banza. Yaya ma ya kwanta yana kallon ƙarƙashin mota, yana ƙirga tsatsa. Ya yi tari. Kyaftin ya ji tarin, ya auna shi, ya ga tari ba umarni ba ne. Cinyarsa ta fara rawa. Ya sa hannu biyu ya danne gwiwar. Zufa ta gangaro masa ta bayan kunne. Wani ƙuda ya zo ya zauna masa a hanci, ya zauna da kyau, kamar ya san babu hannun da zai kore shi.

Katanga ɗaya ce tsakaninsu da gidan tela, kuma muryar Sista ba ta san katanga ba.

"Yawwa, saki jikinki! Saki!"

Kyaftin bai ji "jikinki" ba. Ya ji muryar da ya wuni yana bi ta ce saki, ya saki, ya yi ajiyar zuciya.

"To yanzu danna! Danna da ƙarfi!"

Ya danna. Yaya a ƙarƙashi ya ji motsin feda, ya ce a ransa ashe mutumin yana da hankali, ya gane da kansa.

"Riƙe! Riƙe haka, kada ki saki!"

Ya riƙe. Yaya ya buɗe noti, mai ya fara fita da kumfa.

"Saki, huta!"

Kyaftin ya saki. Notin yana buɗe. Robar da Yaya ya sa a bakin notin ta yi wani sauti kamar mai shan shayi da zafi, ta zuƙe iska ta koma da ita ciki.

Yaya ya fito daga ƙarƙashin mota da saurin da bai yi ba tun yana saurayi, har ya bugi kansa da ƙarfe.

"Wa ya ce ka saki?"

"Ita ta ce!"

"Da kai take? Kai ne kake haihuwa?"

"To kai me ya hana ka magana? Na riƙe har ƙafata ta mutu, kana kwance kamar an aiko ka barci!"

"Ka tambaya mana! Bakinka ciwo yake?"

"Naka fa?"

Suka tsaya suna huci, fuska da fuska, Yaya yana murza goshi. A hankali kowannensu ya gane abin da ya faru. Kyaftin ya buɗe baki zai ce ba shi ya fara ba, sai aka ji wata ƙara daga gidan tela, sannan muryar Sista ta taso ta kan katanga, wannan karon da su take.

"Kyaftin! Yaya! Ku gama da motar nan yanzu! Da zarar ta sauka, asibiti za mu kai su!"

Yaya ya koma ƙarƙashi ba tare da an ce masa ba.

"Taka!"

"Na taka!"

"Riƙe! Kuma in ka ji an ce saki daga wancan gidan, ba naka ba ne!"

"Na ji, Yaya."

Kalmar ta fita ne kafin ya tare ta. Suka sake taya ta biyun daga farko, suka koma gaba, Kyaftin yana sauka yana ƙara mai a kofi kafin a ce masa. A taya ta ƙarshe fedar ta tsaya masa a sama, da tauri, kamar ya taka bakin matakala. Ya danna da ƙarfi, ta ƙi sauka. Ya kalle ta kamar baƙuwa.

"Yaya, ta ƙi tafiya."

"Haka birki yake. Tayar da ita, mu gwada a layi kafin a sa mutane."

Suka fito da baya. Yaya ya haye bayan motar ya tsaya a tsaye, ya dafa rufin gaba, wai yana so ya ji ko wata taya tana ja gefe. Kyaftin ya tafi har ƙarshen layi ya juyo. Da ya iso kwanar mai aski, ƙafarsa ta yi abin da ta saba, ta sauka a kan feda da dukkan ƙarfinta.

Gimbiya ta tsaya cak. Yaya bai tsaya ba. Ya zame ta kan rufin a kan cikinsa, ya sauko kan gilashi, fuskarsa a kife tana kallon Kyaftin, tabarau a goshi. Mai aski ya fito da almakashi a hannu, wanda ake wa aski ya biyo shi da rabin kai. Ba su taɓa ganin motar nan ta tsaya a inda aka ce ta tsaya ba, har wani ya tafa.

"Ta kama," in ji Kyaftin ta cikin gilashi.

"Na lura," in ji Yaya.

Suna isa ƙofa suka ji kukan jariri. Tela ya fito yana dariya yana hawaye, ya rungumi Kyaftin, ya rungumi Yaya, ya shafa wa rigarsa baƙin mai bai sani ba. Mace aka samu. Sista ta fito da ita a naɗe, aka taimaka wa mai jego ta shiga gaba, Sista ta zauna kusa da ita. Tela da Yaya suka hau baya, Yaya a zaune wannan karon, ya riƙe ƙarfe da hannu biyu.

"Kyaftin," in ji Sista, "da yatsan ƙafa za ka taka. In ka girgiza min yarinyar nan, kai da motar ku kwana a waje."

Ya tuƙa kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. A ƙofar asibiti ya taɓa feda sau ɗaya, motar ta tsaya daidai bakin matakala. Aka shiga da su ciki.

Su biyu suka rage a waje. Yaya ya sauke ƙofar baya suka zauna a kai, suna kaɗa ƙafa. Mai shayi ya wuce, Kyaftin ya karɓi kofi biyu ya miƙa ɗaya. Yaya ya kurɓa.

"Hambirkinka ba ya aiki."

"Na sani."

"Mastan kulocinka ma yana yoyo, na gani ɗazu. Ka kawo ta gareji jibi."

Kyaftin ya daɗe yana hura shayinsa. "Direbobin nan suna nan?"

"Suna nan."

"To in na kawo ta, a bayan gareji za ka duba ta. Kuma ba ka cewa komai."

"Ni me zan ce? Mota uku a wuri ɗaya, ai sai dai in yi mata sannu da zuwa."

"Ka gani ko? Ka fara."

Lokacin da Sista ta fito ta ce uwa da ɗiya lafiya lau, ta same su suna musu a kan ko injin na sabon yayi ne ko na tsohon, kowa yana nuna bonet da kofin shayi. Ta tsaya ta saurara kaɗan, ta ga babu mai neman ta isar da komai. Ta buɗe ƙofa ta shiga gaba, ta cire takalmanta, ta jingina kai, ta bar su su gama.